Maman Jabiri

Littattafai biyar Shomari Mwinyihija ya rubuta a kan Jabiri Sanga, kuma babu na kirki ko ɗaya a cikinsu. Shi ma ya sani. In aka faɗa masa ba ya musu, sai dai ya tambayi mai maganar ko ya karanta har ƙarshe. Galibi a ce masa an karanta, shi ke nan sai ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da abin da yake yi.

Jabiri Sanga ba nasa ba ne. Ɗan leƙen asiri ne na wasan talabijin mai suna Ƙofar Baya, wanda duk Asabar bayan magariba yake tsayar da Dar es Salaam cak, har masu bajaji, wato adaidaita sahu, su faka a gefen titi su leƙa ta tagar shagon aski. Kamfanin da ke shirya wasan ne ya lura cewa tsakanin zango da zango mutane na zaman jira, ya ce a riƙa fitar musu da littafi su rage zafi. Aka nemi wanda zai iya cika shafi ɗari biyu da sauri ba tare da gardama ba, aka samu Shomari, tsohon ɗan jarida wanda jaridarsa ta mutu ta bar shi.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma ba ta da wuyar riƙewa: yadda ka karɓi Jabiri haka za ka mayar da shi. Ba ka kashe masa abokin aiki, ba ka yi masa aure, ba ka bar masa tabo a fuska, domin ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa ba shi da tabo. Kana iya jefa shi teku a babi na uku, amma kafin babin ƙarshe ya zamana ya bushe har an goge masa riga. Tukunyar maƙwabta ce, a dafa a wanke a mayar. Abin da aka nuna a talabijin littafi ba ya warware shi, wanda ya mutu a can ya mutu ke nan. Sannan duk abin da marubuci ya ƙirƙira ya sa a ciki, mutum ne ko kare, ya zama na kamfani. Wannan sharaɗi na ƙarshe bai taɓa damun Shomari ba, don bai taɓa sa wani abin da zai yi kewarsa ba.

To me yake sawa? Mota ta fashe. Wata baƙuwa mai dogon wuya ta ɓullo daga ƙasar da ba a ambata ba. Mugu mai zoben zinariya ya ritsa Jabiri, ya tsaya ya bayyana masa shirinsa kaf tun daga tushe, sannan ya harba ya kuskure. A littafi na gaba sai a sauya wa mugun zobe da sanda, a ƙona jirgin ruwa a madadin mota. Masu saye suna saye a tashar mota, su karanta kafin a isa Morogoro, su manta shi a kan kujera.

Mutum ɗaya ne yake ɗaukar littattafan da zafi, shi ne Dokta Mwakibinga, malamin jami'a mai sharhin littattafai a jaridar Lahadi. Kusan kullum da la'asar suna haɗuwa da Shomari a bencin mai gahawa a Magomeni, kowa da ɗan finjalinsa da alewar gyaɗa.

"Shomari, na karanta sabon naka."

"Allah ya ba ka ladan haƙuri."

"Mota nawa ka ƙona wannan karon?"

"Ban ƙirga ba, Dokta."

"Ni ma a hanya na gaji. Wai kai ba ka jin kunya ne?"

"Ina ji mana, ranar Lahadi in jaridarka ta fito. Litinin kuma sai in koma bakin aiki."

A littafi na shida ne lissafi ya kwance. Shomari ya kai tsakiya, ya ƙona duk abin da ke ƙonuwa, ya harbi Jabiri a cinya inda wando zai rufe, sai ya duba ya ga saura shafi arba'in babu abin zubawa. Dole a kai mutumin wani wuri ya yi jinya. Otal an yi shi a littafi na biyu, gidan baƙuwa mai dogon wuya kuwa an yi shi har ya gundure. Sai ya ce bari a kai shi gidan uwarsa. Ya bi zangunan wasan duka, bai ga inda aka ce Jabiri yana da uwa ba, bai kuma ga inda aka ce ba shi da ita ba. A wannan sana'a irin wannan gurbin shi ne gonar marubuci.

Sai dai Shomari bai san yadda ake ƙirƙirar uwa ba. Tasa ta rasu yana goye. Wadda ya sani ita ce yayar babansa, Gwaggo Mwantumu, da ta raine shi a unguwar Ngamiani ta Tanga da tandar wainar shinkafa. Ita ya ɗauko ɗungurungum ya sa a littafin, kuma gaggawa ce ta sa shi, ba wata ƙauna ce ta motso masa ba. Ya sa yadda take zagin mutum tana ƙara masa abinci. Ya sa tarinta na ƙarya, wanda take yi in baƙo ya daɗe bai tashi ba. Ya sa ta binne bindigar Jabiri a cikin garin shinkafa, ta ce ba zai gan ta ba sai ya shanye romon kifi. Da 'yan bindiga suka zo ƙofa nemansa ba ta yi musu ƙarya ba, tsare su ta yi da tambayar 'ya'yan wane ne su, wa ya yi musu tarbiyya, sun ci abinci kuwa, har suka gaji suka tafi.

A shafi arba'in ɗin nan ko kwalba ba ta fashe ba. Ya miƙa littafin yana jiran a dawo masa da shi a ce ya gyara. Ba a dawo da shi ba, don a kamfanin babu mai karantawa ya wuce babi na uku.

Dokta Mwakibinga ya rubuta a jarida cewa ya daɗe yana tonon buhun ƙaiƙayi, yau ya tsinci tsaba. Da suka haɗu a benci ko zama bai yi ba ya fara.

"Wa ya rubuta maka tsakiyar nan?"

"Ni mana."

"Ƙarya kake, ɗan nema. In kai ne, ina ka ɓoye hannun nan shekara da shekaru kana ba mu hayaƙi?"

Shomari ya ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da ya manta akwai shi, amma ya ɓoye shi a bayan finjali. Littafin ya tafi. Matan da ba su taɓa sayen labarin harbe-harbe ba suka saya, suka ara wa ƙawaye. Magana ta kai kunnen Aikande Lyimo, shugabar masu shirya wasan, ta sa aka kawo mata, ta karanta shafi arba'in ɗin kawai. Da sabon zango ya zo tsarawa, Jabiri Sanga ya wayi gari da uwa a talabijin. Ba a nemi izinin Shomari ba, ba a kuma yi masa laifi ba, shi da kansa ya sa hannu a sharaɗin.

Abin da aka nema a wurinsa shi ne kwatancen gidan gwaggonsa. 'Yar wasan da za ta fito a matsayin uwar, wata mai suna Tunu, ta ce sai ta ga tsohuwar da idonta. Motar kamfani ta shiga Ngamiani da rana tsaka, ta tsaya a ƙofar Gwaggo Mwantumu, duk layin yana kallo. Tunu ta yi 'yan kwanaki a gidan tana koyon juya waina da tsinke, da ɗaurin zane, da tarin nan. Kafin motar ta koma babu wanda bai san wace ce za a nuna ba.

Gwaggo Mwantumu ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Sa'o'inta duk sun daɗe da ajiye sunayensu na yanka, wannan Maman Hamisi, waccan Maman Zuhura. Ita kaɗai a layin ake ƙwala wa kira da sunan da aka raɗa mata, har yaran da aka haifa a gabanta. Shomarin da ta raina bai zama nata a bakin mutane ba, don kowa ya san uwarsa, an kuma san kabarinta. Ta haura tamanin a haka, ba ta taɓa cewa abin yana damunta ba.

Mai tallan kifi ne ya fara, washegarin da aka nuna ta. Ya jingine kekensa ya ɗaga murya, "Maman Jabiri, yau akwai manya!" Aka yi dariya, ita kuma ta zage shi tas ta sayi kifin. Wasa-wasa suna ya kama. Kafin zango ya yi nisa babu sauran dariya a ciki, haka matar liman take kiranta, haka ake sanar da ita a taron biki, haka yara suke cewa in an aike su sayen waina. Ranar Asabar kuwa a gidan maƙwabciyarta Mwanaidi ake kallo, kujerar gaba tata ce, babu mai zama ko ta makara.

Har waya ta koyi bugawa da kanta, ita da a da sai an riƙe mata.

"Shomari, kana ji na? Ka gaya wa yaron nan ya daina fita bai karya ba."

"Wane yaro, Gwaggo?"

"Ɗana mana, Jabiri. Dubi wuyansa jiya. Kai ma haka kake, ba ku jin magana."

Shomari yakan yi dariya ya ce zai gaya masa. Ya san sarai ba ruɗewa ta yi ba, ta fi shi sanin wasa ne. Abin da aka ba ta ne ta karɓa da hannu biyu, ba ta tambayi daga ina ya fito ba.

Ana cikin haka Aikande Lyimo ta kira shi ofishinta a Mikocheni. Yarinya ce a kansa, mai saurin magana, waya biyu a gabanta suna ta haske.

"Baba Shomari, zauna. Shayi ko ruwa? Tsohuwarka ta yi mana aiki. Yanzu mutane sun fi son ta a kan Jabirin kansa."

"Madalla."

"Shi ya sa za mu kashe ta a ƙarshen zango."

Shomari ya ajiye kofin da bai kai ga sha ba. "Me ta yi muku, Madam?"

"Ba ta yi komai ba, matsalar ke nan. Ba za mu yi zango biyu muna kallon tsohuwa tana suya ba. Kai ma ɗan gari ne, ka san uwa a labarin leƙen asiri amfaninta biyu, ko ta mutu ko ta ci amana. Na uku babu."

"Tana da rai fa."

"Wa?"

"Matar. Gwaggona ce. Duk Asabar tana gaban akwati."

"Na sani, shi ya sa na kira ka. Da wani ne sai dai ya gani tare da kowa. Marubutana sun rabu biyu, wasu na cewa a sa mata bam a ƙarƙashin tanda, wasu na cewa a nuna ita take sayar da shi tun farko. Na gaji da hayaniyarsu. Kai ka kawo ta, kai za ka zaɓa, in ji daga gare ka kafin ƙarshen mako." Ta ɗauki waya ɗaya, sannan ta ɗago. "Ka san sharaɗi dai. Ko matashin kanka kada ya ji."

Ya fito ya tsaya a rana yana jiran mota. Gaba kura baya sayaki. Amma Shomari ba mutumin tsayawa jimami ba ne, nan da nan kansa ya koma kan aiki, ya fara auna abin kamar yadda ya saba auna babi. In aka kashe ta, ta tafi ke nan, ƙa'ida ce, ko shi ba zai iya tono ta a littafi ba. In kuwa amana ta ci, ai tana nan da ranta. Mai cin amana ana iya juya shi. Sau nawa ya yi haka da hannunsa? A littafi na uku ma wani kanar ya sayar da ƙasa a babi na biyar, a babi na sha biyu aka gane tarko ne ya ɗana wa maƙiya, har aka ba shi lamba. Duk wanda ke numfashi a labari yana da gobe. Banda haka, ina shi ina zaunar da tsohuwa 'yar tamanin ta kalli gawarta a akwati?

Da la'asar ya gwada maganar a kan Dokta Mwakibinga, a kaikaice, kamar wani labari ne daban yake tunani.

"Uwa ta mutu? Haba, wannan ai kowane ɗan koyo ya iya," in ji Dokta. "A kashe uwa, jarumi ya yi kuka, ya ɗauki bindiga. Tuwon jiya. Amma uwa ta sayar da ɗanta, tana ba shi romo da hannun dama tana miƙa shi da na hagu? Kai, wannan shi ne adabi. In ka iya shi zan cire maka hula a gaban mai gahawan nan."

Shomari ya so ya ji ta bakin mai ita. Ya buga mata waya, ta ɗauka da hayaniyar mata a bayanta.

"Yauwa, gara da ka kira. Ana bikin jikar Maman Zuhura, wai ni zan zauna kusa da amarya. Sun ce Maman Jabiri ce za ta sa mata albarka. Ka ji fitina? Ni da ƙafa take ciwo."

"Za ki je ke nan?"

"In ban je ba wa zai je? Me ka kira ka ce?"

Ya auna abin a ransa. In ya faɗa mata yanzu, kafin a sallaci isha Ngamiani ta ji, kafin gari ya waye Tanga ta ji, jibi kuma yana jarida, shi da aikin sun yi hannun riga. Gwaggo ba ta taɓa riƙe magana ta kwana ba, ba ta ma ɗauki hakan abin kirki ba.

"Ba komai, gaisuwa ce."

"To ka gaisu. Ka ci abinci."

Washegari ya sanar da Aikande cewa a bar uwar Jabiri da rai. Ta ce dama abin da ta fi so ke nan.

Ranar da aka nuna ƙarshen zangon, a shagon mai soya dankali da ƙwai ya kalla, cikin mutanen da ba su san shi ba. An yi abin da kyau, wannan ba a musu. Jabiri yana kwance a ɗaki da zazzaɓi, uwar ta lulluɓe shi, ta taɓa goshinsa, ta fito tsakar gida. Tunu ba ta bar komai ba, har jan ƙafar hagun nan na Gwaggo. Ta goge hannu a zane, ta tura shi cikin garin shinkafa, sai ga waya. Ta yi tarin nan guda ɗaya, sannan ta ce, "Yana nan, ya yi barci. Ku zo." Aka ɗauke hoto.

Shagon ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Wani ya buga tebur har cokula suka zube, wata mata ta dafe ƙirji tana salati, mai suya ya bar ƙwai ya ƙone. Shomari yana zaune a lungu yana jin wani abu mai kama da alfahari. Dokta Mwakibinga ya bugo tun Shomari bai bar shagon ba, ya ce hula tana hannunsa.

Gwaggo ba ta kira ba. Ya kira washegari, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce fushi ne, zai wuce, ya ba ta kwanaki ta huce. Da mako ya zagayo har ya sake zagayowa ba ta ɗauka ba, sai ya hau motar safe zuwa Tanga.

Da hantsi ya isa Ngamiani. A bakin layi ya ci karo da Mwanaidi tana dawowa daga kasuwa da kwakwa a kwando. Ta amsa gaisuwarsa a tsaitsaye.

"Ka zo ke nan. Tana ciki."

"Lafiyarta ƙalau dai, Inna Mwanaidi? Wani ya yi mata wani abu ne?"

"Wa zai yi mata? Mu mahaukata ne? Kowa ya san wasa ne." Ta sauya wa kwandon hannu. "Yara ne dai suka yi kwana biyu suna bin ƙofarta suna cewa ya yi barci ku zo, aka zane su suka bari. Sai kuma masu baki, ka san ba a rasa su. Wai ai ɗan da ta raina ne yake rubutawa, shi ya san abin da ya gani a gidan."

"Ba ni na rubuta wannan ba."

"Ni ka ga na tambaye ka? Mu dai mun daina kiranta da sunan. Ya za ka dubi babbar mace ka kira ta da sunan wadda ta sayar da ɗanta? Ai sai ya zama zagi. Mun koma inda muke."

Ya same ta a tsakar gida a kan 'yar kujerarta, tanda a kan wuta, tana zuba ƙullu. Ba ta rame ba, ba ta kuma yi kama da wadda ta yi kuka ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa kamar jiya suka rabu, ta tura masa waina a faranti da shayi mai citta. Ba ta zage shi ba, ba ta ce wuyansa ya yi tsawo ba. Nan ya sha jinin jikinsa.

Ya fara bayani tun ba a tambaye shi ba. Ya ce ba a gama labarin ba. Ya ce irin wannan juyi sananne ne a aikinsu, za a zo a nuna tarko ta ɗana wa mutanen, ita ce ma za ta ceci Jabiri, a ƙarshe kowa ya ji kunya. Ya ce zai tsaya a kan maganar a kamfani, zai kuma fara share fage a littafi na bakwai.

"Nan layin wa ka ga yana karanta littafi?" Ta juya waina. "Yaushe za a nuna?"

"In an dawo sabon zango."

"Yaushe ke nan?"

"Baɗi war haka, in masu ba da talla ba su janye ba."

"Baɗi," in ji ta, ba da wani nauyi ba, kamar an gaya mata farashin abin da ba za ta saya ba. Ta kwashe waɗanda suka soyu, ta shafa mai, ta sake zubawa. "Wancan watan muka kai Maman Hamisi makwancinta. Na girme ta da shekara uku."

Sannan ta jefo masa tambaya.

"Su suka yanke haka, ko da kai?"

Yana iya cewa su ne. Kamfani ne, ba ta san kowa a ciki ba sai Tunu. Amma ta ɗago tana dubansa, da idon nan da tun yana yaro bai taɓa iya wuce shi ba.

"Sun ba ni zaɓi, Gwaggo. Ko a kashe ta, ko a yi haka."

"Sai ka zaɓar mini haka."

"Na ga in ta mutu shi ke nan. Wanda ya mutu ba ya dawowa, ƙa'idar aikin ce."

"Ni kake gaya wa wanda ya mutu ba ya dawowa? Na binne maza biyu, na binne ubanka, na wanke uwarka da hannun nan." Ba ta ɗaga murya ba. "Mutuwa abin kunya ce? Da ka bari sun kashe ta, da yanzu ina nan zaune ana shigowa yi mini gaisuwa, ana dariya ana kuka, ana cewa sannu Maman Jabiri, ashe kina nan. Da sunan ya zauna. Ran da tawa ta zo da shi za a sanar a masallaci."

"Gwaggo, ban yi tunanin..."

"Ka yi tunani mana, da yawa ma. Waya ce dai ba ka iya ba." Mai yana ƙara a tanda. "Shekara tamanin ban nema ba, Shomari. Ina zamana lafiya. Kai ka kawo."

Ya zauna da farantin a hannu. Baƙin ciki ya kama shi sosai, irin wanda babu babi na gaba da za a gyara shi a ciki. Ya nemi abin faɗa ya rasa, shi da bai taɓa rasa abin cika shafi ba sai sau ɗaya.

Daga waje wata yarinya ta yi sallama, ta ɗaga labule da kwano a hannu.

"Mwantumu, wai in ji mamata akwai waina?"

"Akwai," in ji Gwaggo. "Kawo kwanon."